Kwalin Digiri a Zamanin Ƙirƙirarriyar Basira

Tun watan Nuwamban 2022 da kamfanin OpenAI ya saki manhajar ChatGPT, aikin da ɗalibi kan kwana uku a laburare yana haɗawa, yanzu wayarsa ke rubuta masa kafin shayi ya huce. Malami ya karɓa, ya ga Turanci tsaf, ya ba da maki, alhali bai san wanda ya yi wa makin ba.

A gaskiya ciwon ya girmi manhajar. Duk wanda ya ratsa jami'o'in Najeriya ya san shagunan buga takardu na bakin ƙofa, inda ake sayen furojet sukutum, a canja suna da shekara a miƙa. Na'ura ta zo ne ta karya farashin wannan ciniki.

Wasu na ganin mafita ita ce a sayo manhajar da ke gano rubutun na'ura. Ba mu yarda ba. OpenAI da kansa ya janye irin tasa a watan Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta. Idan maƙerin ya kasa gane ƙirarsa, da wace hujja za a kori ɗan talaka daga makaranta a kan shaidar na'ura? Jarrabawar kwamfuta ma tana da iyakarta. Hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ta koma wannan tsari gaba ɗaya tun 2015, ta kuma rage satar amsa, amma a 2025 tangarɗar na'ura ta sa ɗalibai kusan 380,000 sake zama. Balle kuma zaɓen amsa ɗaya cikin huɗu ba ya nuna ko injiniya zai iya gyara taransifoma.

Maganin yana gida. A karatun zaure malam ba ya barin ɗalibi ya wuce babi sai ya biya a gabansa, ya fassara, an ja shi da tambaya an ji zurfinsa. Abin da muke so jami'a ta dawo da shi ke nan: ɗalibi ya yi amfani da manhajar a fili, ya faɗi inda ta taimake shi, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare aikinsa da bakinsa, ya nuna inda ta yi kuskure. Mai ɗaukar ma'aikata a yau wannan iyawar yake nema.

Sai dai malami ɗaya mai ɗalibai ɗaruruwa a ɗakin lacca ba zai iya sauraren kowa ba, musamman a tsarin da ya yi asarar wata takwas a yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022, ga ƙwararru suna ta ficewa ƙasashen waje.

Don haka muna kira ga hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta wajabta kare aiki da baki a kowane mataki, tun daga aji biyu. Gwamnatin Tarayya da gwamnonin jihohi kuma su ɗauki ƙarin malamai, su biya su a kan kari, kafin su sake aza tubalin wata sabuwar jami'a.