Waiwaye: Ana Gardamar Mota, Kaya Na Ƙasa

A shekarar 2009 ina aiki a wani ɗan shagon buga takardu a Utako, tsakanin kasuwa da layin tashoshin manyan motocin da ke zuwa Legas da Onica. Kwamfuta huɗu gare mu, firinta ɗaya, sai janareta da ya fi mu duka surutu. Utako unguwar masu rubutu ce, har yau a nan hedikwatar Daily Trust da Aminiya take, ga kuma sakatariyar ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ reshen Abuja. Don haka ba ma rasa aiki. Idan kuwa aka ɗauke wuta, man janareta ya ƙare, sai mu koma sana'armu ta biyu, wato gardama.

Kan gardamar ɗaya ne kullum: wace burauza ce ta fi, kuma wace babbar manhaja ce ta cancanci tuƙa kwamfuta.

Mai shagon, dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ba ya taɓa komai sai Windows XP da Internet Explorer. A wurinsa wannan shuɗin harafin na "e" shi ne intanet ɗin kansa. Hujjarsa ba ta rauni ba ce, don a lokacin akwai shafukan hukumomi da na bankuna da ba sa buɗewa yadda ya kamata sai da ita. Injiniyanmu kuwa ɗan Firefox ne na gani-kashe-ni. Tun da ta fito a Nuwamban 2004, in ji shi, bai sake waiwayar wata ba, saboda tana barin mutum ya buɗe shafi goma a taga guda. Da Google ta fito da Chrome a Satumban 2008 ya ce yayi ne, zai wuce.

Na ukunmu wani ɗan bautar ƙasa ne da ke zuwa da yamma. Shi ya zo mana da faifan Ubuntu, wanda kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ke aiko wa duk wanda ya nema ta gidan waya, ba ko kwabo. Yana riƙe faifan nan kamar takardar gado. Ya ce Linux ba ta da mai ita, ta kowa ce, kuma bairos ɗin da kwastomomi ke kwaso mana a filashi ba ya kama ta.

"Baba, ka ba ni kwamfuta ɗaya kawai in gwada maka," yakan ce.

"Yaro, gwaji a gidanku. Nan wurin neman abinci ne."

Ni ina tsakiya, yau ina nan gobe ina can, gwargwadon wanda ya sayi shayi.

Akwai na huɗu da ba mu taɓa sa shi a lissafi ba. Yaron shago ne mai yi mana fotokwafi, kullum kansa a sunkuye kan wata 'yar Nokia mai madannai. Da Opera Mini yake karanta labarin ƙwallo da sashen Hausa na BBC. Mukan yi masa dariya, mu ce wannan ai leƙen intanet ne ta kafar makulli. Ashe shi ne ya hango inda ake tafiya. Dabarar Opera Mini ita ce, ba wayarka ce ke ɗauko shafi kai tsaye ba. Manyan kwamfutocin kamfanin, wanda asalinsa na ƙasar Norway ne, su ke fara karɓarsa, su matse shi ya zama ɗan mitsitsi, sannan su turo maka. A ƙasar da layin salula na GSM bai fara aiki ba sai Agustan 2001, kuma data ke da tsadar gaske, wannan ya fi duk wani wa'azin injiniya tasiri. Ɗimbin mutanenmu ba su taɓa zaɓar burauza a kwamfuta ba, don ba su taɓa mallakar kwamfutar ba. Ta waya suka shigo.

Sauran labarin kowa ya gani. Microsoft ta daina kula da XP ranar 8 ga Afrilun 2014, ta yi wa Internet Explorer ritaya ranar 15 ga Yunin 2022. Aiko da faifan Ubuntu kyauta ya tsaya a 2011. BlackBerry da ta zo ta raba mutane gida biyu, masu lambar fin (PIN) da marasa ita, ita ma ta bi sahu, abin da ya ci Doma bai bar Awai ba. Android ta mamaye aljihu ta hannun Tecno da Infinix da itel. Abin dariyar ma, Opera ta koma kan injin Chromium a 2013, Edge ta Microsoft ta bi ta a 2020, kuma a kansa Chrome take tun asali. Yau in ka ji matasa a kasuwar wayoyi ta Banex suna musun Chrome da Edge da Opera, yawanci gardamar fenti suke yi, injin duk kanwar ja ce. Firefox da Safari ne kawai a cikin manyan suka rage da nasu.

Duk wannan bai taɓa hana ni barci ba. Abin da ya dawo ya same ni daban ne, kuma ko sau ɗaya bai shigo gardamarmu ba.

A lokacin da nake shagon nan, bayan an tashi aiki, nakan shiga tasha in zauna da direbobi da 'yan kamasho Hausawa ina ɗaukar labarinsu: yadda hanyar Lokoja take kafin a faɗaɗa ta, yadda suka ga Abuja na tsirowa tun da gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991. Da dare in buga a kwamfutar shago. Matsalar duk mai buga Hausa a lokacin ita ce haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Babu su a kan kibod. Ba kuma ado ba ne da za a yafe, don baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban, kuma wanda ka ce ya yi karya alhali ƙarya kake nufi yana da ikon ya kai ka ƙara. Tun a tsakiyar shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da salon haruffa na kwamfuta masu ƙugiya, aikin da ya buɗe wa mawallafan Hausa hanya a lokacin da manyan kamfanoni ba su san muna yi ba. Daga baya ire-irensu suka yi ta yawo a filashi daga shago zuwa shago, ni ma da ɗaya daga cikin waɗannan na yi aiki.

Dabarar mai sauƙi ce. Hausa ba ta amfani da q da x da v, sai aka ari gurbinsu. Ka danna q, allo ya nuna maka ƙ. X ya ba ka ɗ. V ya ba ka ɓ. A takarda abin sai son barka. Amma a cikin fayil ɗin, q ɗin nan yana nan a q ɗinsa, riga kawai aka sa masa. Ranar da rubutun ya je na'urar da ba ta da wannan salon, sai rigar ta zame. Shi ya sa har yau kake cin karo da "qasa" da "xaya" da "varawo" a intanet, kuma mai neman "ƙasa" da ƙugiyarta ba lallai ya tarar da su ba.

Magani kuwa yana nan tun kafin mu fara musu. Tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, har da namu; ta ƙaramin ƙ ita ce 0199. Harafin da aka rubuta da lambarsa ba ruwansa da Windows ko Linux ko Android, ko'ina ya je shi ne. Ɗan bautar ƙasar nan ya taɓa gaya mini haka. Na ɗauka tallar Ubuntu ce ya sake salo, na ce masa ya bari sai an kwana biyu. Laifin nan nawa ne, ban da wanda zan jingina wa. A tashar da ke bayan shagonmu ban taɓa ganin fasinjan da ya tsaya musun wace mota ta fi kyau ya bar jakarsa a ƙasa ba. Nan take yake tambaya ko an ɗaure kayansa, kuma ko za su sauka lafiya in an canja mota a hanya. Mu da muke ganin mun waye, shekara guda muka yi muna yabon motoci, ba wanda ya tambayi ko rubutunsa zai tsira in na'urar ta canja.

Bara ne 'yar yayana, da ke karatu a Jami'ar Abuja, ta nemi hirarrakin don wani aikin makaranta. Na tono tsohon filashin na tura mata. Ba a yi minti biyar ba ta kira.

"Kawu, wannan wane yare ne?"

Ta zo gida da kwamfutarta. Ban tambaye ta wace babbar manhaja ce a kai ba, ita ma ba ta ga dalilin faɗa ba. Ta sa aka maye kowane q da ƙ, kowane x da ɗ, kowane v da ɓ, manya da ƙanana. Aikin da na yi shekara goma sha biyar ina ɗagawa bai kai tsawon shan shayi ba. Muna cikin murna sai ta fashe da dariya, ta juyo mini da allon. Wani tsohon direba na ba ni labarin motar da ya fara tuƙawa, ga ta nan an rubuta Ɓolɓo.

Sai da muka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya muna mayar wa Volvo da haruffanta, har aka kira magariba.