Bagudo: Tiransfa ta samu shiga, amma ana ɗari-ɗari da cirar kuɗi kai-tsaye

Fiye da shekaru goma ke nan tun da Babban Bankin Nijeriya, wato CBN, ya soma gwajin shirin rage mu'amala da tsabar kuɗi a Legas, cikin watan Janairun 2012, zamanin da Malam Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan bankin.

A lokacin, mutane da dama a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, wadda ke iyaka da Jamhuriyar Benin, sun ɗauki batun a matsayin zancen mutanen birni. A yau kuwa da wuya a ci kasuwa a Bagudo ko Illo, ko Tsamiya da Ka'oje, ba a ga masu POS sun kafa tebur a bakin hanya ba, kuma kalmomin tiransfa da alat sun shiga bakin har waɗanda ba su taɓa zama a aji ba.

Sai dai karɓar da aka yi wa tsarin ba ta bai ɗaya ba ce. Ɗan kasuwar da ke tura miliyoyi ta wayar salula ba tare da fargaba ba, shi ne kuma zai ƙi amincewa ƙememe idan aka ce ya bai wa banki ko wani kamfani izinin cirar kuɗi daga asusunsa duk wata.

Yadda aka shiga

Ba wa'azin jami'an banki ne ya shigar da akasarin jama'ar yankin cikin tsarin ba. Wuya ce ta sa.

A watan Oktoban 2022, gwamnan CBN na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, yana mai cewa daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, kimanin tiriliyan 2.73 suna hannun jama'a ne, ba a bankuna ba.

Abin da ya biyo baya a farkon 2023 har yanzu bai gushe daga zukatan mutane ba. An karɓe tsofaffin kuɗi, sababbin kuma ba su wadata ba. Manomin da ya kai shinkafa ko albasa kasuwa, ko makiyayin da ya kai dabba, sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ya karɓi tiransfa a asusun da wataƙila ba nasa ba ne, ko kuma ya karya farashi ga wanda ke riƙe da tsaba. Sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga watan Maris na 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun.

Kafin a kai ga haka, kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay sun riga sun cike giɓin da bankunan suka bari, domin a wancan lokacin da lambar waya kaɗai mutum kan buɗe asusu a zaune a ƙauyensu, ba sai ya tafi Birnin Kebbi ko Jega ba.

Akwai kuma batun tsaro. Fatake sun daɗe da sanin haɗarin tafiya da damin kuɗi a hanyoyin daji, kuma tun daga ƙarshen 2024, da sunan 'yan bindigar Lakurawa ya soma fitowa a yankunan kan iyaka na Kebbi da Sakkwato, wayar da ke aljihu ta fi jakar kuɗi kwanciyar rai. A nan babu wata jayayya.

Takardar da aka fi tsana

Wani abin lura shi ne, takardar biyan kuɗi da 'yan Nijeriya suka fi sani ita ce kuma suka fi tsana, wato takardar kuɗin wuta, wadda har gobe ake kira takardar NEPA duk da cewa an sayar da kamfanonin rarraba lantarki ga 'yan kasuwa tun 2013.

Jihar Kebbi na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne, tare da Sakkwato da Zamfara. A can, kamar sauran sassan ƙasar, gidan da ba shi da mita ƙiyasi ake yi masa. A ƙarshen wata a liƙa takarda a ƙofa, ko an ga wutar ko ba a gani ba.

Hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ƙayyade iyakar abin da za a iya ƙiyasta wa mai gida tun a watan Fabrairun 2020. Amma a farkon 2024 hukumar da kanta ta bayyana cewa kamfanonin goma sha ɗaya sun caji marasa mita fiye da ƙa'ida da kimanin naira biliyan 105 cikin watanni tara na 2023, ta kuma ci su tarar naira biliyan 10.5. A wannan shekarar ce kuma ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin na Kaduna saboda bashin da ya kai naira biliyan 110.

Don haka ba abin mamaki ba ne da mita mai kati ta zama abin nema. Babu takarda a cikinta ko ɗaya. Mutum ya sayi wutar naira dubu biyu ta wayarsa, a turo masa lambobi ashirin, ya danna, wuta ta shigo. In ba a kawo wuta ba, kuɗinsa na nan. In aljihu ya bushe, ya haƙura ya kwana a duhu, ba wanda zai zo da tsani ya yanke masa waya.

Wannan kaɗai ya isa ya rushe zargin da ake yawan yi cewa mutanen karkara a Arewa suna ƙyamar sabuwar fasaha ne. Mita mai kati fasaha ce, kuma rububinta ake yi. Matsalar ita ce har yanzu kusan rabin masu amfani da lantarki da ke da rajista a ƙasar ba su samu mitar ba, duk da shirin raba mita na gwamnatin tarayya da aka soma a 2020.

Hannun wani a aljihunka

Inda gizo ke saƙa shi ne cirar kuɗi ba tare da mai asusu ya danna komai ba.

A ƙasashen Turai da Amurka, biyan kuɗin wuta da ruwa da haya ta wannan hanya ya zama ruwan dare, kuma akwai dalili. Albashi na shigowa a rana sananniya, abin da za a cira sananne ne, sannan idan aka yi kuskure akwai dokar da ke tilasta a mayar da kuɗin. A Birtaniya, alal misali, bankin mai asusu ne ke biyan sa nan take idan aka cira bisa kuskure, daga baya ya bi kamfanin.

A Bagudo babu ko ɗaya daga cikin ukun ga yawancin jama'a. Manomin fadamar Kogin Kwara da kaka yake ganin kuɗi, sai kuma in ya girbe na rani. Kuɗin da ke asusunsa a watan Disamba na taki ne da man injin ban-ruwa, wani lokaci ma amanar wani ce aka turo ta hannunsa. Tsarin da aka gina a kan ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata bai san da wannan ba.

Sannan jama'a sun riga sun ɗanɗana cirar kai-tsaye, kuma ba ta yi daɗi ba. Tun kafin zuwan asusun banki, kamfanonin waya sun saba sabunta wa mutane waƙar kira da wasu hidimomin da ba su nema ba, suna zaftare kuɗin kati, har sai da hukumar sadarwa ta NCC ta fito da lambar 2442 a 2016 don toshe irin waɗannan saƙonni.

A banki kuma ƙananan caji ne ke cin rai. Akwai naira 50 da gwamnati ke karɓa a kan duk tiransfar da ta kai naira 10,000, wadda aka faɗaɗa zuwa su OPay da Moniepoint a watan Disamban 2024. Akwai naira 6.98 na amfani da lambobin USSD, hanyar da masu ƙananan wayoyi suka dogara da ita. Shi kansa saƙon alat, wanda ya maye gurbin rasit, biya ake yi: ya tashi daga naira 4 zuwa 6 a 2025. Lokacin da CBN ya umurci bankuna a watan Mayun 2024 su soma cirar rabin kashi ɗaya cikin ɗari da sunan harajin tsaron intanet, ƙorafi ya yi yawa har gwamnati ta dakatar da shi cikin 'yan kwanaki.

Mafi girma duka shi ne tsarin GSI da ya soma aiki a watan Agustan 2020, wanda ya bai wa banki damar bin duk asusun da ke ɗauke da lambar BVN ta wanda ya ci bashi bai biya ba, ya kwashe abin da ya tarar, ko a wane banki ne.

Wannan ya shafi Kebbi fiye da wurare da dama, domin a jihar ce tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015, kuma ta dalilinsa ne manoma da yawa suka buɗe asusu a karon farko. Gaskiya ne cewa wasu sun ɗauki rancen a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, ba su yi niyyar biya ba, kuma bankuna na da hujja idan suka ce dole a dawo da dukiyar jama'a. Amma akwai waɗanda ambaliya ta cinye gonakinsu, irin wadda aka yi a 2020 da ta lalata shinkafa mai yawan gaske a jihar. Na'ura ba ta bambance tsakanin biyun. Darasin da manomi ya ɗauka shi ne kada ya bar kuɗi ya kwana a asusu, kuma wannan kishiyar abin da CBN ke nema ne.

Batun shaida

Akwai kuma wani abu da masu tsara manufofi a Abuja ba su cika ba shi muhimmanci ba, wato matsayin rubutu a mu'amalar al'ummar Musulmi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Mai gidan da ke adana rasit ɗin kuɗin wuta na shekaru a cikin jaka ya san cewa ranar da aka zo da zancen tsohon bashi, ita ce za ta fitar da shi.

Saƙon waya kuwa yakan goge, wayar takan ɓata ko a sace, layin ma ana iya rufe shi, kamar yadda aka rufe miliyoyi saboda rashin haɗa su da lambar NIN. Saƙon da Turanci yake zuwa, a yankin da ake magana da Hausa da Fulatanci da Dandanci da Busanci. Sau da yawa yaro ne ko mai POS ke karanta wa dattijo abin da ya shiga da abin da ya fita, abin da ke nufin sirrin aljihunsa ya fita daga hannunsa. Masu damfara da alat na bogi sun san wannan sarai.

Binciken da cibiyar EFInA ta gudanar a 2023 ya nuna cewa kashi 47 cikin ɗari na baligai a Arewa maso Yamma ba sa cikin kowane irin tsarin hada-hadar kuɗi, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 26 ne.

Inda naira ke tsayawa

Kan iyaka ya ƙara wa lamarin wani sarƙaƙiya. Layin da Ingila da Faransa suka shata a 1898 ya raba dangi ɗaya gida biyu, kuma mutanen Tsamiya da na Segbana, ko na Lolo da na yankin Malanville, ba su daina cin kasuwar juna ba ko a lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki a watan Agustan 2019.

Mutum da kaya na tsallakawa, amma tiransfar naira ba ta tsallakawa. A ɓangaren Benin da sefa ake ciniki, ta hanyar MoMo na MTN ko Moov Money. Tsarin PAPSS da aka ƙaddamar a Accra a watan Janairun 2022 don a riƙa biyan kuɗi tsakanin ƙasashen Afirka da kuɗaɗen gida bai zama abin da ƙaramin ɗan kasuwa ke amfani da shi a kasuwar ƙauye ba. Saboda haka ɗan canji mai waya biyu, ɗaya da layin Nijeriya ɗaya da na Benin, shi ne gadar, kuma yana cin ladansa ta kowane ɓangare.

Tun bayan da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, jaka guda ta sefa ta haura naira dubu biyu a 2024. Sefa kuwa a ɗaure take da kuɗin Yuro. Wannan ya ba ɗan kasuwar kan iyaka ƙarin dalilin mayar da ribarsa sefa ko kaya ko dabba, maimakon ya bar ta a asusun da ake zaftara kuma darajarsa ke zagwanyewa.

A watan Disamban 2024 CBN ya taƙaita abin da mai POS zai iya bai wa mutum ɗaya zuwa naira 100,000 a rana, adadin da bai kai kuɗin bijimi guda a kasuwar shanu ba.

A rubuce dai akwai kariya. Tun 2020 babban bankin ya ce a mayar da kuɗin da suka maƙale a POS cikin sa'o'i 72, kuma wanda bankinsa bai share masa hawaye ba cikin makonni biyu yana iya kai ƙara sashen kare haƙƙin masu ajiya na CBN. Sai dai ga mutumin Illo ko Ka'oje, bin sawun naira dubu biyar da aka cira bisa kuskure na iya nufin kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi da dawowa, da yini guda a layi, da cike fom da Turanci. Galibi kuɗin hanyar sun fi abin da za a je nema, don haka akan bar wa Allah, kuma irin wannan asarar ba ta shiga cikin alƙaluman ƙorafin da bankuna ke miƙa wa Abuja.