Matsalar Muhallin Ƙananan Sojoji: Abin da Zariya Ke Gani

Kamar yadda jama'a suka sani, tun daga shekarar 1924 da aka kafa makarantar horar da kuratan soja a Zariya, wadda aka fi sani da Defo, akasarin wanda ya sa kakin sojan ƙasa a Nijeriya ba tare da muƙamin hafsa ba, ta wannan gari ya bi. A barikin Chindit ake karɓar saurayi daga ƙauyensu, a aske masa kai, a ba shi horo na kimanin wata shida, sa'an nan a yi bikin yaye shi tare da dubban 'yan uwansa. Sunan barikin ma tarihi ne, domin ya samo asali ne daga rundunar nan da ta yi yaƙi a dazukan Bama a 1944, wadda bataliyoyin sojan Nijeriya suka kasance a cikinta. Ga kuma makarantar yaran soja da aka buɗe a 1954, ga barikin Basawa, ga Jaji a kan hanyar Kaduna. Saboda haka idan ana maganar inda ƙaramin soja ke kwana, mutanen ƙasar Zazzau ba labari ake ba su ba, gani ya kori ji.

Ranar bikin yaye kurata, iyaye kan cika gari, ana murna ana ɗaukar hoto. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: wannan farabiti da aka yaye yau, idan aka tura shi bataliyarsa, akwai ɗakin da ke jiransa?

Amsar ta fito daga bakin shugabannin rundunar da kansu. A 2025, Babban Hafsan Sojan Ƙasa na wancan lokaci, Laftanar Janar Olufemi Oluyede, ya shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa mai kula da harkokin soja cewa rundunar na sa ran ƙarin sababbin sojoji kimanin 13,000 a wannan shekara, alhali kuwa ba ta da kuɗin samar masu da masauki. A shekarar ce kuma aka buɗe wani sabon Defo a Osogbo domin a ƙara yawan waɗanda ake horarwa. Babu mai musun cewa ƙasa na bukatar ƙarin sojoji. Amma ɗaukar kurtu aikin wata shida ne, gina bariki kuwa aikin shekaru ne, kuma a tsakanin waɗannan biyu ne matsalar take.

Idan ba a manta ba, wannan ba yau aka fara ba. Kafin yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, sojan Nijeriya bai wuce kimanin mutum 10,000 ba. Da aka gama yaƙi a 1970, adadin ya kai wajen 250,000. Barikokin da Turawa suka bari an gina su ne domin 'yan bataliyoyi kaɗan, don haka sojoji suka bazu cikin garuruwa, wasu a gine-ginen gwamnati, wasu a gidajen haya, wasu a ɗakunan kwano da katako. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi niyyar gina barikoki da kuɗin man fetur, sai dai abin ya ƙare da badaƙalar siminti ta 1975, lokacin da Ma'aikatar Tsaro kaɗai ta yi odar kimanin tan miliyan 16, jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cincirindo a tashar Legas, siminti na daskarewa a cikinsu, ana kuma biyan kuɗin jira. An gina barikoki daga baya, amma ba a taɓa cike giɓin ba. Waɗanda aka gina ɗin kuma aka bar su babu gyara, har a zamanin da sojojin ke mulkin ƙasa da kansu, wanda wannan abin mamaki ne ƙwarai. Sai bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 gwamnatin Shugaba Olusegun Obasanjo ta kafa kwamiti na musamman domin gyaran barikoki.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda rabon gida yake a bariki. Muƙami ne ke raba shi. Hafsoshi na da unguwarsu, saje da samanja na da tasu, sa'an nan akwai dogayen gine-ginen da ake kira na kofur da na ƙasa da shi. A tsofaffin irin waɗannan gine-gine, abin da ake ba mutum ɗaki ɗaya ne, ko ciki da falo, ga makewayi da wurin girki na tarayya. Saurayi marar iyali zai iya haƙuri da haka. To amma farabitin bana shi ne magidancin baɗi. Yakan yi aure, ya haifi 'ya'ya, wani lokaci ya ɗauko ƙanensa daga ƙauye domin karatu, duk a wannan ɗaki, tun da ƙarin girma daga farabiti zuwa saje ba abu ne na shekara biyu ko uku ba. Idan rufi na yoyo da damina, ko masai ya cika, ba shi da ikon kiran magini yadda ya ga dama, domin gidan ba nasa ba ne, sai ya rubuta koke ya bi ta hannun na gaba da shi. Kuma soja ba ya yajin aiki, ba ya da ƙungiyar ƙwadago, ba a yarda ya kai kukansa gidan rediyo ba. Wannan shi ya sa matsalar ta daɗe ba a jin ƙararta. Matan bariki, ƙarƙashin magajiyarsu, su ne suka fi kowa sanin yawan bokitin ruwan da ake bukata kafin gari ya waye.

Akwai kuma batun lafiya. Dattawan wannan yanki ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kama mutane sama da 100,000 a arewacin ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000. Malaman lafiya sun sha bayyana cewa cunkoso a ɗaki marar iska lokacin bazara na daga cikin abin da ke yaɗa wannan cuta, kamar yadda masai da ke kusa da rijiya ke kawo amai da gudawa. Cuta kuwa ba ta san shingen bariki ba. Yaran bariki da na gari makaranta ɗaya suke zuwa, iyayensu mata kuma kasuwa ɗaya suke ci.

Wani zai ce, ina ruwan manomin Dutsen Abba da wannan, tun da harkar soja ta Gwamnatin Tarayya ce? Gaskiya ne tsarin mulki na 1999 ya sa sha'anin tsaro a hannun Tarayya ita kaɗai. Amma a 2020 da 2021, lokacin da masu garkuwa da mutane suka matsa wa ƙauyukan gefen Zariya lamba, har suka shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a watan Yuni na 2021 suka kwashi malamai da ɗalibai, waɗanda aka girke a bakin hanya da bakin daji su kwana a tsaye ba janarori ba ne. Farabiti ne da las-kofur da kofur. Mutumin da ya bar matarsa da jariri a ɗakin da ruwa ke zuba, hankalinsa rabe yake, komai horon da ya samu.

Bugu da ƙari, sojan da bai samu ɗaki a bariki ba cikin gari yake shiga neman haya, a Sabon Gari ko Tudun Wada ko Palladan ko unguwannin da ke kewaye da Basawa. Daga ɗan albashinsa zai biya, ya kuma yi gogayya da ɗalibai da ƙananan ma'aikata a kan ɗakunan da dama ba su isa ba. Yana nesa da idon kwamandansa, idan an busa begilan gaggawa sai ya nemi ɗan acaɓa. A wannan zamani kuma da ake farautar mai kaki, zamansa shi kaɗai a cikin unguwa haɗari ne gare shi da maƙwabtansa. Idan saɓani ya taso tsakaninsa da mai gida, wurin mai unguwa ko dagaci ake fara kai ƙara, su kuwa ba su da iko a kansa.

Ba Nijeriya kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka, hukumar binciken ayyukan gwamnati ta fitar da rahoto a watan Satumba na 2023 da ya nuna ɗakunan ƙananan sojoji masu fumfuna da ambaliyar masai. Ingila kuwa ta sayar da gidajen iyalan soja kimanin 55,000 ga wani kamfani a 1996, ta dawo tana biyan haya, daga bisani a ƙarshen 2024 ta amince ta sake sayen kimanin 36,000 a kan kusan fam biliyan 6. Wato ko mai kuɗi, idan ya yi sakaci da gyara, sai ya biya ninki.

Adalci ne a faɗi cewa rundunar ta yi yunƙuri. Marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, wanda ya rasu a watan Nuwamba na 2024 yana kan muƙami, ya ƙaddamar da shirin mallaka wa sojoji gidaje cikin rahusa, kuma an gina sababbin rukunan ɗakuna a barikoki da dama. Sai dai gidan da mutum zai mallaka bayan ya yi ritaya daban, ɗakin da zai kwana a daren yau daban. A ganinmu, abin da ya fi dacewa shi ne duk lokacin da aka amince da ɗaukar kurata, a cikin kasafin kuɗin shekarar a rubuta adadin ɗakunan da za a gina masu, a kuma ware kuɗin gyara daban wanda ba za a karkatar da shi ba. Gyaran rufi da yashe masai ba su da bikin yanke kyalle, shi ya sa ake mantawa da su.

Su ma hukumomin jiha da na ƙananan hukumomi suna da abin yi, duk da cewa ba su ke gina bariki ba. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, don haka duk faɗaɗa bariki sai ya taɓa gonakin jama'a. Wajibi ne a zauna da hakimai da dagatai tun kafin a kafa turaku, a auna, a biya diyya a kan kari, domin rikicin iyaka tsakanin bariki da maƙwabtansa abu ne da aka sha gani a ƙasar nan. Haka kuma idan ana shimfiɗa bututun ruwa, ko ana rigakafin sanƙarau, ko ana ƙidayar yaran da za su shiga firamare, a sa iyalan ƙananan sojoji a lissafi, na cikin bariki da na gidajen haya. Masu unguwanni kuma su riƙe rajistar sojojin da ke haya a yankinsu, su san hafsan da za a tuntuɓa a barikin Chindit ko na Basawa idan wata magana ta taso.