SHARHI: Wa'adin Windows 10 ya ƙare, ina makomar kwamfutocin hannu na matasan Kinkinau?

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tura gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10, babbar manhajar da ke tafiyar da ɗimbin kwamfutoci a Najeriya tun fitowarta a 2015. An yanke hukuncin ne a Amurka, amma ya iske matasa har cikin ɗakunansu a Kinkinau da Unguwar Mu'azu da Tudun Wada, inda kwamfuta ɗaya ta zama shago da ofis. Da ita ake zana katin biki, da ita ake tallan atamfa da turare, da ita kuma wasu ke cinikin kuɗaɗen waje da kirifto.

Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da tashi kamar kullum. Sai dai duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano daga yanzu, babu mai toshe ta. Duniya ta ga irin haka a watan Mayun 2017, lokacin da cutar WannaCry ta ratsa kwamfutocin da ba a sabunta ba a ƙasashe kusan 150, har ta durƙusar da aiki a asibitocin gwamnati na Ingila. Wanda ke buɗe asusun bankinsa ko jakar kirifto a kan irin wannan na'ura, tamkar mai kwana ne da ƙofa a buɗe.

Mafitar da Microsoft ya bayar ita ce Windows 11, amma da sharuɗɗa: sai na'urar tana da guntun tsaro na TPM 2.0, kuma ƙwaƙwalwarta ta Intel ta kasance daga ƙarni na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. A nan gizo ke saƙar. Kwamfutocin hannu da suka cika shagunan Kaduna, irin su HP EliteBook 840 G3 da ThinkPad T460, na ƙarni na shida ne. Lafiyarsu ƙalau, amma an rufe musu ƙofa. Ana iya sayen ƙarin wa'adi kan dala 30, ko a samu ta hanyar haɗa na'urar da asusun Microsoft, sai dai shi ma a ranar 13 ga Oktoba, 2026 zai ƙare. Sayen sabuwa kuwa, tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 har dala ta haura N1,500 a 2024, ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari.

Hanyar da aka fi bi ita ce mafi haɗari: a kai wa mai gyara, ya ɗora Windows ta sata tare da manhajar da ke buɗe ta ba tare da lasisi ba. Irin waɗannan manhajoji sanannun mafaka ne na cututtukan da ke satar kalmomin sirri. Mutum zai tsira da kuɗin lasisi, ya kuma miƙa mabuɗin jarinsa ga wanda bai sani ba.

Akwai wata hanyar da ba a cika ambata ba, wato Linux, wadda Linus Torvalds ya faro a 1991, kuma kyauta ce bisa halal. Daga cikin rassanta akwai Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya assasa a 2004, da Linux Mint mai kama da Windows a ido. Suna tafiya da sauƙi a kan tsofaffin na'urori, ana ci gaba da tura musu gyaran tsaro, kuma ana iya gwada su daga filashi ba tare da an goge komai ba. Wanda aikinsa bai wuce banki, WhatsApp, Facebook, rubutu da lissafi ba, burauza da LibreOffice sun ishe shi.

Amma Linux ba ta dace da kowa ba. CorelDRAW da Photoshop, da masu zane da buga takardu suka dogara a kai, ba su da nau'in Linux. MetaTrader ta 'yan kasuwar canji tana tafiya ne ta hanyar wata manhaja mai suna Wine, kuma tana buƙatar haƙuri. Masu irin wannan sana'a gara su nemi na'urar hannu da ta cika sharuɗɗan Windows 11, da lasisi na gaskiya. Kwamfutocin Apple na da inganci, amma tsadarsu ta fitar da su daga lissafin mafi yawa. A taƙaice, aikin da mutum ke ci da shi ne zai zaɓa masa manhaja.

Lamarin yana da fuskar siyasa. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 zuwa Linux da LibreOffice, domin kada wani kamfani na waje ya riƙa yanke mata lokacin sauya kayan aiki. Najeriya, wadda ke biyan lasisi da dalar da take ƙaranci, ta fi Jamus buƙatar wannan tunani. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 domin horar da matasa miliyan uku kan fasaha. Ya dace shirin, da hukumar NITDA ƙarƙashin Kashifu Inuwa Abdullahi, da Gwamnatin Jihar Kaduna, su sanya koyar da girka Linux cikin horon, musamman ga masu gyaran kwamfuta, domin shawararsu ce talaka ke bi.

Kafin hukuma ta motsa, kowane mai kwamfuta zai iya duba ƙarnin na'urarsa yau, ya kwashe muhimman takardunsa zuwa wani ma'aji, sannan ya daina shiga asusun kuɗi a kan manhajar da babu mai kula da tsaronta.