Gicciye da Hutun Pak: Abin da Ya Kamata Ɗan Lakol Ya Sani Game da Maƙwabcinsa

Kowace shekara, idan bazara ta kama, rana ta fara dukan kwanon aji tun da hantsi, akwai wata Litinin da ake rufe ma'aikatun gwamnati da makarantu a duk faɗin Nijar. Litinin ta Pak ke nan, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira Ista. Yara na murna da hutun, mu ma malamai ba mu ƙi ba. Amma a shiga kowane aji daga Sae Sabuwa zuwa Gidan Rumji, ko a gangara Agye da Gazawa, a tambayi yara dalilin hutun. Amsar da ta fi yawa ita ce: "Sallar Kirista ce." Idan aka ce sallar me, sai aji ya yi tsit.

Ni Musulmi ne, na fito makarantar horon malamai, na kuma daɗe ina riƙe da alli. Ra'ayina shi ne wannan shirun ba alheri ba ne gare mu. Yaron da zai yi hutun Pak tun daga ajin farko har ya gama kwaleji ya cancanci a gaya masa, cikin natsuwa da gaskiya, abin da gicciye yake nufi ga masu girmama shi. Bayani nake nufi, irin wanda muke yi a darasin tarihi da na tarbiyya. Wa'azi yana da wurinsa da masu shi.

Gicciye asalinsa kayan kisa ne na daular Rumawa. Bayi da ƴan tawaye ake rataye wa a kansa a bakin hanya, don mai wucewa ya gani ya ji tsoro. Mutuwar wulaƙanci ce, har doka ta keɓe cikakken ɗan ƙasar Rum daga gare ta a mafi yawan lokuta. Kiristoci sun yi imani cewa a kan irin wannan icce aka kashe Yesu Almasihu a Birnin Ƙudus, ranar wata Juma'a, zamanin da Bilatus yake gwamnan Yahudiya, kuma ya tashi daga matattu ranar Lahadi. A aƙidarsu, zunubi ya raba ɗan Adam da Mahaliccinsa, rabuwar da aikin mutum ba ya iya ɗinkewa, sai Yesu ya ɗauki hukuncin a madadin mutane. Shi ya sa abin da ya kasance alamar kunya ya koma musu alamar ƙauna da gafara da nasara a kan mutuwa. Idan ka tambaye su za su ce maka ba iccen suke bauta wa ba, tuni yake yi musu. A majami'ar Katolika za ka ga gicciye da siffar mutum a jikinsa, don tuna wahalar. A majami'un bishara, waɗanda su ne suka fi yawa a ƙauyukan jihar Maraɗi, gicciyen babu kowa a kansa, don a wurinsu ya riga ya tashi.

Kalmar da Hausawa Kirista ke amfani da ita a nan ita ce fansa, kuma malamin Hausa zai so ya tsaya a kanta. Fansa ita ce abin da ake biya a ƴanta bawa ko a karɓo wanda aka kama. Mu Musulmi mun san kalmar a ragon da aka fanshi ɗan Annabi Ibrahim da shi, wanda muke tunawa kowace Babbar Salla. Amma a bakinmu akwai kuma ɗaukar fansa, wato ramuwa. Kirista yana cewa gicciye ya koya masa fansa ta farko don ya bar ta biyu, domin a labarin da ke cikin littafinsu, wanda aka gicciye ya nema wa masu kashe shi gafara tun yana kan iccen.

Mu kuwa imaninmu daban ne, kuma babu amfanin ɓoye wannan. Alƙur'ani, a aya ta 157 ta Suratun Nisa'i, ya kore cewa an kashe Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko an gicciye shi. Mun yarda da haihuwarsa ba uba, mun yarda da mu'ujizojinsa, muna girmama mahaifiyarsa Maryamu, amma ba mu yarda da gicciyewar ba, ba mu kuma yarda wani yana ɗaukar zunubin wani ba. Wannan saɓani ne na tushe. Malamin da ya ce wa yara "duk ɗaya ne" ya zalunci addinan biyu, kuma yara za su gane ƙarya yake yi ranar da suka isa makarantar allo da yamma. Abin da ake buƙata daga gare shi jimla biyu ce: Kirista sun yi imani da kaza, Musulmi sun yi imani da kaza. Yaro ɗan shekara goma yana iya riƙe wannan, kamar yadda yake riƙe cewa Yamai ce babban birninmu, Abuja kuma ta maƙwabtanmu.

Lissafin ranar ma darasi ne mai daɗi ga yaran da suka saba da duban wata. Pak ba ta da tsayayyar rana kamar Kirsimeti. Ana yin ta ranar Lahadin farko bayan cikar watan da ya biyo bayan 21 ga Maris, don haka tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Tun taron manyan malaman Kirista a birnin Nikiya, cikin Turkiyya ta yau, a shekarar 325, aka fara daidaita wannan lissafi. Kiristocin Habasha da na Masar suna da nasu lissafin, shi ya sa sau da yawa tasu ranar takan zo daga baya. A Turai lokacin ya dace da fitar sanyi da tohon itatuwa, har suka cika bikin da furanni da ƙwai. A ƙasarmu kuwa Pak tana zuwa ne a tsakiyar wahala: zafi ya haura digiri 40, rijiyoyi sun ja baya, rumbu ya fara nuna gindinsa, samari sun tafi ci-rani, sanƙarau da ƙyanda suna zagaye. A 2022 da 2023 da 2024 ma cikin watan Ramadan ta faɗo, lokacin da Katolika ke kammala azuminsu na kwana arba'in mu kuma muna cikin namu.

Duk wanda ya zauna kusa da ƙaramar majami'ar ƙauye ya san yadda makon yake tafiya. Ranar Juma'a taron na jimami ne, ana karanta labarin wahalar daga Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke tun 1932. Ranar Lahadi sai yanayi ya juya: sujada tun da sassafe, matan zumunta da ankonsu suna waƙa da kiɗan tulu da caki, a ci Jibin Ubangiji, wasu wuraren a yi baftisma. Waɗanda suka tafi aiki Maraɗi ko Yamai sukan dawo gida, a yanka akuya idan da hali, a aika wa maƙwabta tuwo. Baikon da ake tarawa a irin wannan lokaci, sau da yawa hatsi ne a kwano, kuma gwauruwa da mara lafiya ake fara dubawa. Addu'ar da ta fi yawa a bakinsu ita ce wadda ta fi yawa a bakinmu: Allah Ya kawo damina lafiya.

Waɗannan mutane ba baƙi ba ne. Mishan ɗin SIM ta sauka Damagaram a 1924, ta zo Tsibirin Gobir a ƙarshen shekarun 1920, wato nan cikin gundumarmu ta Gidan Rumji. Daga wannan tushe aka sami asibitin Galmi a 1950, da asibitin kutare na Danja a 1956, da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye, da majami'ar EERN da ƴan ƙasa ke jagoranta tun zamanin samun ƴancin kai. Sassaben zamani da ya mayar da itatuwa gonakinmu, a nan jihar Maraɗi aka fara shi a farkon shekarun 1980, tare da Tony Rinaudo, ma'aikacin wannan mishan. Cocin Katolika kuma ta kafa dayosis ɗin Maraɗi a 2001. Kiristan da ke zaune a bencin ajinmu yau jikan Bagobiri ne ko Bakatsine, da zanensa da taubasansa, kuma kabarin kakansa yana cikin ƙasar nan.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, kuma ba zan raina shi ba. Za su ce mishan ta yi amfani da makaranta da magani wajen jan mutane, don haka duk maganar gicciye a aji ƙofa ce ake buɗewa. Gaskiya ne mishan ta zo ne don yaɗa addininta, ba ta ma ɓoye ba. Amma mu duba sakamakon. Bayan kusan shekara ɗari na asibiti da makaranta da wa'azi, ƙidayar 2012 ta nuna sama da kashi 99 cikin ɗari na ƴan Nijar Musulmi ne, Kirista ba su kai kashi ɗaya ba. Imanin da bai girgiza da wannan duka ba, bayanin minti biyar daga bakin malami Musulmi ba zai kayar da shi ba. Wanda ake yi wa saurin ruɗi shi ne wanda bai taɓa jin komai ba sai ranar da ya haɗu da mai iya magana.

Haɗarin da na fi tsoro yana can ɗaya gefen, kuma mun ɗanɗana shi. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta ƙare da ƙona majami'a a Maraɗi. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, fushin zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa ya sauka a kan maƙwabtanmu: mutum 10 suka mutu tsakanin Damagaram da Yamai, ƴan sanda suka ƙirga majami'u 45 da aka cinna wa wuta. Kiristocin Nijar ba su yi zanen ba, jaridar ma ta sha yi wa addininsu ba'a. A watan Yunin 2019 kuma aka ƙona majami'a a unguwar Zariya ta Maraɗi bayan an kama wani limami, alhali masu majami'ar ba su da hannu a kamun. A duk lokutan nan, samari ne a gaba. Saurayin da ya ɗauki galan ɗin fetur a 2015, shekara goma kafin nan yana zaune a gaban ɗayanmu yana koyon karatu. Ya ga gicciye a saman gini, abin da kansa ya ba shi kawai shi ne Faransa da Nasara da abokin gaba, don babu wanda ya taɓa ba shi wata ma'ana. Rashin sani ya fi dare duhu. Ya kamata kuma yara su ji sauran labarin: akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu a waɗannan kwanaki, kuma shugabannin majami'u sun fito sun kira mabiyansu da su yafe.

Ba daga waje za mu aro wannan tarbiyya ba. Musulmin farko da aka tsananta wa a Makka, wurin Najashi, sarkin Habasha Kirista, suka sami mafaka. Aya ta 40 ta Suratul Hajji ta ambaci wuraren ibadar Kirista da na Yahudu tare da masallatai cikin abin da Allah Yake karewa daga rushewa. Kuma a takardar amana da Sayyidina Umar ya bai wa mutanen Ƙudus, kamar yadda Ɗabari ya kawo ta a tarihinsa, an lissafa abubuwan da aka ba su kariya a kai: rayukansu, dukiyoyinsu, majami'unsu, da gicciyensu. Halifan da ya fi kowa sanin abin da Suratun Nisa'i ta faɗa, shi ne ya sa gicciye cikin amana. Bai yarda da ma'anarsa ba, bai kuma yarda a taɓa shi ba.

Ga ƴan'uwana malamai, abin da nake roƙo ba ya buƙatar sabon littafi ko izinin sufeto. Kafin a tashi hutun Pak, a ɗauki ƴan mintoci a gaya wa yara dalilinsa, kamar yadda ya kamata a gaya musu dalilin Mauludi da Sallar Layya, don ɗan Kirista ma ya san me ake yi. Kada a tsayar da yaro Kirista a gaban aji a ce ya kare addininsa. Nauyin bayani na babba ne. Idan muka ji ana jifan yaro da "arne" ko "kafiri" a filin wasa, mu tsawata kamar yadda za mu tsawata idan an zagi uwarsa. Inda akwai iyalan Kirista, darakta da kwamitin iyaye su duba kalanda kafin su sa jarrabawa ranar Juma'ar ko taron iyaye ranar Lahadin Pak. Malami Kirista shi ma sharaɗin ɗaya ne a kansa: ya bayyana, kada ya yi kira. Makarantar gwamnati ta kowa ce.

Ga iyaye kuwa, abin da yaro ya ji a tsakar gida ya fi abin da ya ji a aji nauyi. Ku koya masa aƙidarsa da kyau, har ya san inda muka rabu da Kirista da kuma dalili. Sannan idan kwanon tuwon Pak ya shigo daga gidan maƙwabci, ku bari ya ga yadda kuka karɓa, ku aike shi ya mayar da kwanon da gaisuwa, ranar Salla kuma shi zai kai musu nama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya sassauta mana wannan bazara, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.