Neman aiki daga Matankari: yawan dosiye ko sanin inda za a kai shi?

Matasan Matankari da suka kammala karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Jami'ar Dosso suna dawowa gida da difloma, su tarar da shawara iri biyu. Wasu na cewa a kai takardu duk inda aka ji sanarwa, mai nema yana tare da samu. Wasu na cewa a tsaya a binciki wuri kafin a nema. Halin da kasuwar aiki ke ciki a Nijar ya sa zaɓin ya yi nauyi.

Guraben sun ragu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da wani ɓangare na tallafinsu. A Nuwamba 2024 hukumomi sun janye izinin ƙungiyar Acted, a Fabrairu 2025 suka umarci ƙungiyar Croix-Rouge ta ƙasa da ƙasa ta bar ƙasar, yayin da Amurka ta tsayar da kuɗaɗen USAID a farkon shekarar 2025. Shimfiɗa bututun mai zuwa Benin, wanda ya ratsa jahar Dosso ya ɗauki leburori da direbobi, shi ma ya ƙare.

Ga ɗan Arewa kuma, dosiye ba kyauta ba ne. Akwai takardar haihuwa, da takardar shaidar ɗan ƙasa, da kwafin difloma da aka buga wa hatimi a ma'aikatar magajin gari, ga kuɗin tambur. Akwai kaziye daga kotu, wanda ba a karɓa in ya wuce wata uku. Sanarwa da dama na neman katin hukumar samar da aiki ta ANPE, wasu kuma sai an kai takardu hannu da hannu a Dosso ko Yamai, mai nisan kilomita kusan 270 daga Dogon Dutsi. Wanda ya watsa dosiye goma ba tare da karanta sharuɗɗa ba, hatsin gidansu ya sayar ya zuba wa ƴan mota.

Dogon bincike shi ma yana da tasa asarar. Wa'adin sanarwa sau da yawa gajere ne, kuma konkur na gwamnati na da iyakar shekarun haihuwa. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Mafita tana cikin raba ayyukan gida biyu. Konkur na aikin gwamnati, kamar koyarwa, kiwon lafiya, duwan ko jandarma, kusan takardu iri ɗaya suke nema, kuma jarrabawa ce ke tace mutane. A nan yawa na da amfani: a haɗa takardun lokaci guda, a shiga duk wanda aka cika sharuɗɗansa kafin kaziye ya tsufa.

Ƙungiyoyi da kamfanoni kuwa mutum ɗaya ko biyu suke ɗauka, kuma wasiƙar neman aikin suke fara dubawa. A nan bincike ne jari: wane aiki suke yi a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, wa ke ba su kuɗi, yaushe shirin zai ƙare. Mai jin Hausar Arewa, wanda ya san ƙauyuka da sarakunansu, yana da lasisin babur, ya fi ɗan birni dacewa da aikin karkara, amma sai ya rubuta hakan a fili.

Binciken na kuma kare mutum daga ƴan damfara. Sanarwar da ke yawo a WhatsApp ba adireshi, tana neman a tura kuɗi kafin ganawa, a gwada ta da shafukan jaridar Le Sahel ko allon ANPE. In ba a same ta ba, kuɗin motar ya tsira.