Jan Hankali Ga Ɗaliban Ilmin Kwamfuta

A kowace shekara samari da 'yan mata masu yawa sukan bar Potiskum su tafi neman digirin ilmin kwamfuta. Waɗansu su nufi Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, waɗansu Jami'ar Tarayya ta Gashuwa wadda aka kafa a 2013, waɗansu kuwa su wuce Maiduguri ko Bauchi ko Kano. Iyaye sukan sayar da hatsi ko bijimi su biya kuɗin makaranta, suna sa ran ɗansu zai komo da sana'a a hannu. Abin takaici shi ne, akwai wanda zai komo bayan shekara huɗu da takardar shaida, amma in an ajiye masa kwamfuta aka ce ya rubuta ɗan shirin da zai lissafa cinikin kanti, sai gumi ya karyo masa. To, ga waɗansu abubuwa da ya kamata ɗalibi ya kiyaye tun wuri.

Na farko, shekarar fari ita ce tushe, domin sakamakon digiri tarawa ake yi, ba na shekarar ƙarshe kaɗai ake dubawa ba. A ma'aunin maki 5 da galibin jami'o'in ƙasar nan ke bi, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu kuwa daga 3.50. Misali, ɗalibin da ya yi wasa ya tashi da 2.00 a shekarar farko, in nauyin darussan shekarun daidai yake, sai ya ci 4.00 a kowace ɗaya daga cikin shekaru ukun da suka rage kafin ya taɓo 3.50. Wannan jan aiki ne. Da sanyin safiya akan kama fara.

Na biyu, kada ɗalibi ya guji lissafi. Da yawa sun shigo fannin ne da zaton aikin buga takardu da gyaran na'ura za a koya musu, sai suka tarar da aljabara da mandiƙi da ƙididdiga. Alhali kuwa su ne ƙashin bayan ilmin. Ita kanta kalmar algoridim, watau tsarin matakan warware matsala, daga sunan Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi aka samo ta, malamin lissafin nan da ya yi zamani a Bagadaza cikin ƙarni na 9. Yarukan kwamfuta sukan zo su wuce, amma wanda ya iya tsara matakai ba ya rasa madafa.

Na uku, rubuta shiri sana'ar hannu ce, kamar ɗinki ko ƙira, ba a iya ta da haddar takardun darasi. Ɗalibi ya zaɓi yare guda, ko Python ko Java ko C, ya lazimce shi kullum ko da na sa'a ɗaya ne, har hannunsa ya faɗa. Rashin kwamfuta da ɗaukewar wuta matsaloli ne na gaske, amma ba su rufe ƙofa ba. Ana iya gwada Python a wayar Android, ana kuma iya rubuta shiri a takarda a bi shi layi-layi da fensiri kafin wuta ta dawo. Jami'ar Harvard ta Amurka ta saki darasinta na CS50 kyauta a intanet. Ɗalibai uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗin data su sauke shi su raba. Linus Torvalds yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ya fara Linux a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Yobe, ga shi yau yawancin manyan na'urorin intanet da shi suke aiki.

Na huɗu, watannin koyon aiki na SIWES, wanda Asusun Horas da Ma'aikata na ITF ke kula da shi, ba hutu ba ne. Ɗalibin da ya nemi ofishin ɗan'uwa domin a riƙa sa masa hannu a littafi yana kwance a gida, kansa ya cuta. Gara ƙaramin wuri inda za a bar shi ya ja waya, ya haɗa na'urori, ya taɓa rumbun bayanai, da babban ofishi inda aikinsa bai wuce sayo wa manya abinci ba.

Na biyar, aikin bincike na shekarar ƙarshe. Sayen tsohon aiki a canja masa suna ya zama ruwan dare, tun daga ƙarshen 2022 kuma ChatGPT da ire-irensa sun ƙara sauƙaƙa kwafe. Ba laifi ba ne ɗalibi ya nemi na'urar ta bayyana masa inda ya kuskure, amma in ita ta rubuta masa duka, ranar kare aiki gaban malamai asiri zai tonu, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Ɗan Potiskum bai da dalilin aron matsalar wata ƙasa. Ga kasuwar shanu, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, inda dillalai ke riƙe da lissafin ciniki da la'ada a ka ko a ɗan littafi. Ga masu manyan motoci da ke bukatar sanin inda kowace tirela take da abin da ta ci na mai. Manhajar da za ta yi wa ɗayansu aiki da Hausa ta fi kwafaffen aiki daraja wurin malami, tana kuma iya zama jarin mai ita bayan bautar ƙasa. Ya riƙa ajiye kwafin aikinsa a GitHub, don kada satar kwamfuta ko lalacewarta ta cinye masa wahalar shekara guda.

Iyaye ma suna da nasu rabo. In yaro ya zo hutu, bayan an tambaye shi sakamako, a ce ya nuna abin da ya gina da hannunsa. Mai ɗaukar aiki ma abin da zai tambaya ke nan.

Allah ya ba da ilmi mai amfani, amin.